Ƙasan akwatin aksolotil: a bar shi wayam ko a zuba yashi?

Mu da aikinmu ya shafi kiwon kifi, tambayoyin da muka saba ji ba su wuce na tarwaɗa ba: abinci ya yi tsada, ruwa ya yi wari, 'ya'yan kifi suna mutuwa. Sai ga shi yanzu matasa suna miƙo mini waya da hoton wata halitta mai launin hoda, fuskarta kamar tana murmushi, da geza a wuya, suna cewa, "Malam, wannan wane irin kifi ne? Me ake zuba masa a ƙasan akwati?" Wasu a wasan Minecraft suka fara ganinta, tun da aka saka ta a ciki a 2021.

To, ba kifi ba ne. Sunansa aksolotil, kuma ɗan uwan kwaɗo ne, sai dai shi ba ya barin ruwa. Talibambam yakan girma ya yar da wutsiya ya fito tudu, shi kuwa aksolotil yana balaga har ya hayayyafa da siffarsa ta ƙuruciya. Gezar nan da ke wuyansa, uku ta kowane ɓangare, da ita yake numfashi. Yakan kai santimita 23 zuwa 30, kuma idan ya samu kulawa yana yin shekara 10 zuwa 15. Idan ƙafarsa ta guntule wata takan tsiro, ɗaya daga cikin abubuwan da suka sa masana suke kiwonsa tun da aka kai shi birnin Paris a 1864.

Asalinsa tafkunan da ke kudancin birnin Meziko ne. Tafkin Chalko an ƙafar da shi, saura magudanan ruwan Sochimilko. Ƙidayar da aka yi a 1998 ta samu kusan 6,000 a kowace murabba'in kilomita, amma a 2014 ba su kai 40 ba. Gurɓatar ruwa ta ci su, haka kuma kifayen da aka zuba a wurin, ciki har da karfasarmu ta Afirka, suna cinye ƙwai da 'ya'yansa. Na kawo batun gidansa ne domin a san abu ɗaya: ƙasan tafkin nan taɓo ne mai laushi da saiwoyin ciyayi. Babu tsakuwa mai launi irin wadda ake sayarwa a shagunan kifin ado, kuma babu gilashi mai santsi irin wanda ake yin akwatin kiwonsa da shi. Duk abin da za ka shimfiɗa masa kwaikwayo ne, kowanne da inda yake gazawa.

Sai an fahimci yadda yake cin abinci kafin a gane inda gardamar barin ƙasan akwati wayam ko zuba yashi ta samo asali. Aksolotil ba ya tauna. Wangale baki yake yi farat ɗaya ya zuƙo ruwa, duk abin da ke gabansa ya bi ruwan ya shige. Idanunsa ba su da ƙarfi, da ƙamshi da motsi yake farauta, shi ya sa za ka ga yana bin ƙasa da hanci. Idan tana ta faɗa kan tsakuwa, da tanar da tsakuwar duk ciki za su tafi. Ƙaramar ƙwaya tana iya fita da kashi. Wadda ta fi ƙarfin hanji kuwa sai ta tsaya ta toshe hanya. Daga nan sai ka ga ya ƙi abinci, ciki ya kumbura, kwanaki suna wucewa ba kashi, wani lokaci bayansa yana tasowa sama ya kasa zama a ƙasa. Masu kiwo suna da ƙa'ida mai sauƙi: duk dutsen da bai fi girman kan aksolotil ba, zai iya haɗiye shi. Don haka tsakuwar ado ba ta cikin lissafi ko kaɗan. Ko mai shago ya rantse maka cewa kifayensa lafiya lau suke a kanta, ka tuna kifi daban, wannan daban.

Wannan tsoron ne ya sa mutane da yawa suke barin ƙasan akwati wayam, kuma suna da hujja. Abin da babu shi ba za a haɗiye shi ba. Ga ƙanana da ba su kai santimita 13 zuwa 15 ba, ni ba na ba da wata shawara sai wannan, domin hanjinsu siriri ne, ko yashi mai laushi yana iya tsaya musu. Haka ga wanda ba shi da lafiya, ko sabon da aka kawo ana killace shi. Ɗakunan bincike ma da suke riƙe da ɗaruruwa, a mazubi marar komai suke ajiye su.

Sai batun tsafta, wanda a ganina ya ma fi na farko nauyi. Aksolotil mai yawan kashi ne, ga shi yana watsa abinci. Kashin da ragowar abincin suna ruɓewa su zama amoniya, ita kuwa tana ƙona gezar numfashi da fatarsa, fatar da ba ta da ɓawo irin na kifi. A kan gilashi fayau, da ka leƙa da safe za ka ga komai, ka sa tiyo ka zuƙe cikin minti biyu. Kana kuma ganin ko ya yi kashi ko bai yi ba, wanda shi ne ma'aunin lafiyarsa na farko. A cikin yashi kuwa ƙazanta ɓuya take yi. Bari in tsaya a kan tiyon nan: kada ka ja ruwa da baki kamar mai zuƙo fetur daga jarka. Dangin kwaɗo suna iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Ka cika tiyon da ruwa tukuna, ka toshe da yatsa, sannan ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama. Yara kuma a hana su tsoma hannu.

Amma fa gilashi yana da nasa laifin. Wannan dabba ce mai tafiya da ƙafa a ƙarƙashin ruwa, ba ta cika iyo ba. A kan santsi yatsunta ba sa samun abin kamawa, sai ka ga tana taku tana zamewa kamar wanda ya taka siminti da ruwan omo. Idan matacin ruwa yana turo ruwa da ƙarfi, abin ya ƙara muni, domin ba ta da abin dogara. Alamar takura ita ce gezar ta lanƙwaso gaba, ƙarshen wutsiya ya naɗe. Ga kuma haske: ba ta da fatar ido, ba ta iya runtsawa, gilashin ƙasa kuma yana mayar da hasken fitila. Wannan yana da magani mai arha, a shimfiɗa baƙin kyalle ko kwali a ƙarƙashin akwatin daga waje, a kuma sa mata maɓoya, ko da gutsuren bututun roba mai faɗi ne ko tukunyar ƙasa da aka goge bakinta ya daina kaifi. Akwati wayam ba ya nufin akwati ba komai. Ɗaki ne da aka cire wa tabarma, ba a ce a fitar da gado ba.

Akwai masu cewa idan babu yashi, ƙwayoyin bakteriya masu amfani ba za su samu mazauni ba. Da gaskiya a ciki, amma an ƙara mata gishiri. Waɗannan ƙwayoyin su ne suke mayar da amoniya ta zama naitirait, sannan naitiret wadda ba ta kai su guba ba, kuma mafi yawansu a cikin soson mataci suke zama. In matacin yana da kyau, ba a wanke sosonsa da ruwan famfo mai kulorin, rashin yashi ba zai rushe komai ba. Sai dai kafin a saka dabbar, dole a bar akwatin ya yi makonni yana aiki har ƙwayoyin su kafu, sannan a riƙa sauya kashi ɗaya cikin biyar na ruwan kowane mako.

To babba fa? A nan ra'ayina ya karkata ga yashi mai laushi sosai, wanda ƙwayarsa ba ta kai milimita ɗaya ba. Ko ya haɗiya yakan fita, kuma za ka ga bambanci a tafiyarsa, har tono yake yi da hanci. Ba yashin gini nake nufi ba, shi yana da kaifi da burbushin tsakuwa. A tankaɗe, a wanke har ruwan ya fito garau, a shimfiɗa kauri santimita biyu ko uku kawai. In ya yi zurfi, iska ba ta ratsa shi, sai ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, don haka a riƙa motsa shi lokacin sauya ruwa. Abinci kuma a miƙa masa da hantsaki, ko a ajiye a ɗan faranti.

Wanda yashi ya yi wa yawan aiki yana iya shimfiɗa tayil marar ƙyalli, mai ɗan kaushi. Ƙafa tana kamawa, baki ba ya ɗauka. Illarsa ita ce datti yana shiga ta tsakanin haɗin ya taru a ƙasa, sai an riƙa ɗagawa ana sharewa. Manyan duwatsu masu sulɓi ma haka suke, har sun fi tara ƙazanta.

Duk wannan bayani na ƙasan akwati, ga mai karatu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, akwai abin da ya sha gabansa. Birnin Meziko yana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,200, ruwan can sanyi gare shi. Aksolotil ya fi son ruwa mai maki 16 zuwa 18 a ma'aunin Salsiyos. Da ya haura 20 ya fara wahala, in ya daɗe a sama da 24 sai ƙin abinci, sai farin naman gwari a geza, sai mutuwa. Mu kuwa a watan Afrilu maki 40 ba labari ba ne. Ruwan randa ma ba ya sauka inda yake so. Ƙanƙara a leda ba mafita ba ce, domin hawa da saukar zafin ma cuta ce. Sai na'urar sanyaya ruwa mai aiki dare da rana, ga akwati da bai gaza lita 75 ba ga guda ɗaya, kuma kowa ya san halin wutarmu.

Shi ya sa duk wanda ya zo mini da wannan hoton nake ba shi aiki ɗaya kafin ya fitar da ko sisi. Ka cika akwatin da ruwa, ba dabba, ka jefa ma'aunin zafi a ciki, ka riƙa rubuta abin da ya nuna da azahar da kuma tsakar dare har mako biyu a tsakiyar bazara, har da ranakun da aka ɗauke wuta. Ka kawo mini takardar, sannan mu yi maganar yashi.