Al'adar makaranta da shirye-shiryen hana ƙibar yara

Al'adar makaranta ita ce yadda aka saba gudanar da rayuwa a cikin makaranta: abin da ake ci da inda ake cinsa, yadda ake amfani da lokacin tara, da abin da malamai da iyaye suka ɗauka da muhimmanci ko da ba a rubuta shi a doka ba. Masu kula da lafiyar jama'a sun daɗe da sa ido kan makarantu wajen rage ƙibar da ta wuce kima, domin a nan yara suke wuni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce ƙa'ida, miliyan 160 daga ciki masu teɓa ne sosai. Sai dai shiri iri ɗaya kan kama ƙasa a wata makaranta, ya watse a wata.

Misalin da aka fi kawowa shi ne Japan. Dokar abincin makaranta ta ƙasar ta fito a 1954, sannan a 2005 aka kafa dokar ilimin abinci da suke kira shokuiku. A firamare, cin abincin rana darasi ne. Ɗaliban da aiki ya faɗo kansu sukan sa fararen riguna da huluna da takunkumi, su ɗauko tukwane daga kicin, su zuba wa 'yan ajinsu shinkafa da miya da kifi ko nama, ga kuma madara. Malami yana zama a cikin aji ya ci abin da yaran suke ci, idan an gama kuma yaran ne ke kwashe kwanuka su share wuri. Yawancinsu a ƙafa suke zuwa makaranta. Japan na cikin ƙasashe masu arziki da ƙibar yara ta fi ƙaranci, ko da yake abincin gida ma yana da nasa kaso a wannan.

A Ingila abin ya zo da gardama. Bayan kamfen ɗin da shahararren mai dafa abinci Jamie Oliver ya yi a talabijin a 2005, gwamnati ta tsaurara ƙa'idojin abincin makarantu. A 2006, a garin Rawmarsh kusa da Rotherham, wata sakandare ta hana ɗalibai fita sayen abinci da rana, sai ga wasu iyaye mata suna miƙa wa yara soyayyen dankali da makamantansa ta ƙarafunan shinge. An yi musu ca a jaridu, amma lamarin ya nuna abin da ke faruwa idan aka canja faranti ba a shawo kan gida ba.

Binciken WAVES, wanda aka yi a firamare 54 na yankin West Midlands, ya ƙara fito da matsalar. An tsara wa yaran wasu daga cikin makarantun ƙarin minti 30 na motsa jiki kullum, da koyon girki tare da iyaye, da wani shiri na ƙungiyar ƙwallon Aston Villa. Da sakamako ya fito a 2018, ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani tsakanin nauyin waɗannan yara da na sauran ba. Minti 30 ɗin nan ne ya fi ba malamai wuya, domin jadawali a cike yake.

Shirin Daily Mile kuwa daga cikin makaranta ya tsiro. Shugabar wata firamare a Stirling ta ƙasar Sikotlan, Elaine Wyllie, ta fara shi a 2012 bayan ta ga ɗalibanta sun kasa zagaya filin wasa da gudu. Minti 15 ne kawai, yara su fita da kayan makarantarsu su yi gudu ko sassarfa, a lokacin da malamin aji ya ga ya dace. Sauƙin nan ya sa dubban makarantu a ƙasashe da dama suka ɗauka. Nazarce-nazarce sun nuna yana ƙara wa yara kuzari da juriya, amma tasirinsa kan nauyin jiki kaɗan ne.