Shantae: wasan Game Boy Color da kaset ɗinsa

Shantae wasan bidiyo ne na tsalle-tsalle da faɗa wanda kamfanin WayForward na Amurka ya ƙera, kamfanin Capcom kuma ya fitar a 2002 don na'urar hannu ta Game Boy Color. Matt Bozon da Erin Bozon ne suka ƙirƙiro jarumar, budurwa rabi mutum rabi aljana mai tsaron garin Scuttle Town daga 'yar fashin teku Risky Boots.

Makaminta gashinta ne, da shi take bulala. Idan ta koyi rawa sai ta rikiɗe: biri don hawan bango, giwa don fasa duwatsu, gizo-gizo, da tsuntsuwa mai tashi sama. Kowace siffa tana buɗe hanyar da a da take rufe, shi ya sa mai wasa yake yawan komawa wuraren da ya riga ya wuce. Dare na yi, gari na wayewa, kuma da dare abokan gaba sun fi taurin kai. Motsin zanen ya kai matuƙar abin da na'urar za ta iya ɗauka. Aibinsa kuwa sananne ne: jarumar ta cika allo, abokin gaba kan faɗo maka kafin ka hango shi, gashin gajere ne, taswira kuma babu.

Tsadar kaset ɗin ta samo asali ne daga lokacin fitowarsa. Game Boy Advance, na'urar da ta gaji Game Boy Color, ta riga ta shigo kasuwa tun 2001, hankalin jama'a ya koma can, an buga kaɗan, kuma a Arewacin Amurka kaɗai aka sayar. Yau na asali, ko ba kwali, yana kai ɗaruruwan dalar Amurka. An sake fitar da wasan a Nintendo 3DS a 2013, daga baya kamfanin Limited Run Games ya buga sabon kaset, amma masu tarawa bugun Capcom suke nema.

A Maradi tsofaffin kaset-kaset kan zo ne cikin kayan gwanjo, a cakuɗe da caja da wayoyi, kuma akan samu na jabu. Na asali robarsa garai take, ana hango allon lantarkin da ke ciki. Sukuru ɗaya ne a bayansa, mai kai na musamman, sai da sukundireba ta milimita 3.8. In an buɗe, a duba sunan Nintendo a jikin allon. Ɗigon baƙin danƙo a maimakon guntun lantarki (chip) mai ƙafafu alamar jabu ce. Takardar gaba ta asali tana da lambobi da aka danna mata, sai an karkata ta ga haske ake ganinsu.

Abin da ya fi mutuwa shi ne ƙaramin batir mai bolt 3 da ke riƙe ajiyar wasa. In ya ƙare, wasan zai tashi lafiya lau amma duk inda ka kai ya goge. Mai gyaran salula zai iya sauya shi: ya karanta lambar tsohon, ya samo irinsa mai kunnuwa, ya liƙa da dalma ba tare da juya gefen (+) da gefen (-) ba. Kada a ɗora ƙarfen dalma kan batir tsirara, yana iya fashewa. Cire tsohon yana share ajiyar da ke ciki.

Ƙurar hunturu kan toshe haƙoran kaset 32, allo ya tsaya fari ko tambarin Nintendo ya fito a dagule. Maganinsa auduga da ɗan alkol, a bar shi ya bushe. Hura iska da baki yana sa tsatsa. Zafin bazara kuma yana ɗaye takardar gaba, wadda lalacewarta ke rage darajar kaset, don haka a adana shi a leda cikin ɗaki mai inuwa.

Kaset ɗin yana aiki a Game Boy Color, Advance da Advance SP, ba ruwansa da ƙasar da aka sayo na'urar. A Advance launukan sun fi haske, akwai kuma ƙarin rawa ɗaya. Game Boy ta farko, Micro da Nintendo DS ba sa karanta shi.