Bin Sawun Annoba a Karkarar Kano da Jigawa

Bin sawun annoba shi ne aikin gano inda cuta mai yaɗuwa ta ɓulla, da wanda ta kama, da waɗanda suka yi cuɗanya da shi, domin a tare ta kafin ta game gari. A karkarar Kano da Jigawa, inda ƙauyuka da rugage da yawa ke nesa da babban asibiti, aikin ya fi dogara ga labarin da mutane ke kaiwa da bakinsu fiye da na'urorin ɗakin gwaji. Cututtukan bairos huɗu ne suka fi barin tarihi a wannan fanni: murar 1918, agana, shan-inna da korona. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27. A 1991 aka cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, saboda haka abin da ya gabaci wannan shekara tarihinsu ɗaya ne.

Murar 1918

Babbar murar da ta ratsa duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda ake kira Marisuwa a wasu sassan ƙasar Hausa, ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na 1918. Daga nan ta biyo layin dogo, wanda ya iso Kano tun 1911, ta riski Arewa wajen Oktoba ko Nuwamba. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kusan mutum 500,000 a faɗin Najeriya. A lokacin ba a san ƙwayar da ke kawo ta ba, sai a 1933 aka gano bairos ɗin mura na ɗan Adam. Ba magani, ba riga-kafi. Hanyar da labari ke bi daga ƙauye zuwa birni ita ce ta haraji da jangali: mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika fada. Wannan hanya ba ta mutu ba har yau, kuma kusan kowace annoba da ta biyo baya sai da hukuma ta koma kanta.

Agana

Agana cuta ce da ba ta ɓuya. Zazzaɓi mai zafi ne ke fara zuwa, bayan kwana biyu ko uku ƙuraje su feso a fuska da hannuwa da ƙafafu, har tafin hannu. Wanda ya tashi yakan fita da zanzana a fuska, wani ma ya rasa ido. Ta fi tsananta da rani, daidai lokacin da hanyoyi ke bushewa, kasuwanni ke cika, 'yan ci-rani da fatake ke kai-kawo. Tsohuwa a ƙauye tana gane ta daga ƙofar ɗaki ba tare da an kira malamin asibiti ba, kuma wannan ne ya sauƙaƙa bin sawunta.

A zamanin En'e, duba-gari da masu yin lamba, wato riga-kafin agana, ne ke zagaya ƙauyuka. Ba ko'ina ake maraba da su ba. Akwai gidajen da ke ɓoye mara lafiya don gudun kada a ɗauke shi a keɓe a bayan gari, ga shi kuma maganin lambar na wancan zamani yakan lalace da zafi kafin ya kai ƙauyuka masu nisa, a tsaga wa yaro damtse amma lambar ta ƙi kamawa. Sai da aka samu busasshen magani mai jure zafi abin ya sauya.

A 1967 aka fara babban gangamin kawar da agana a ƙasashe kusan ashirin na Yammacin Afirka da Tsakiyarta, da tallafin Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya. An yi amfani da wata na'urar allura da ake takawa da ƙafa, mai harba magani cikin fata ba tare da tsinke ba, ta yadda ayari ɗaya kan yi wa ɗaruruwan mutane cikin awa guda a ƙofar gidan dagaci ko a bakin kasuwa. Ana haɗawa da riga-kafin ƙyanda ga ƙananan yara. Amma dabarar da ta gama da cutar daga gabashin Najeriya ta fito, inda a ƙarshen 1966 ƙarancin magani ya tilasta wa likita William Foege da abokan aikinsa su daina neman yi wa kowa: su nemo mai cutar, su yi wa mutanen gidansa da maƙwabta da duk wanda ya zo gaishe shi, su bi shi zuwa kasuwar da ya ci. Ranar kasuwa ta zama ranar tambaya, domin a nan ake jin ƙauyen da agana ta shiga. An ga mai agana na ƙarshe a Najeriya a 1970, na ƙarshe a duniya da ya kamu ta yaɗuwar cutar a cikin jama'a kuma a Somaliya a 1977, aka shelanta kawar da ita a 1980. Tabon lamba a damtsen dattawa shi ne abin da ya saura.

Shan-inna

Babu cutar da ta gina tsarin sa ido a karkarar Kano da Jigawa kamar shan-inna. Bin sawunta ya fi na agana wuya nesa ba kusa ba, domin cikin yara kusan 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai ke shanyewa. Sauran suna yawo lafiya lau suna yaɗa ta ta bayan gida. Yaro guda da ƙafarsa ta saki alama ce ta cewa ƙwayar ta riga ta zagaye unguwa.

Ƙa'idar aikin ita ce, duk yaron da bai kai shekara 15 ba wanda hannu ko ƙafa ta saki masa farat ɗaya, a kai rahotonsa. Jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma zai hau babur ya je gidan, ya karɓi bayan gidan yaron sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon. Yakan rufe kwalaben cikin akwatin sanyi da ƙanƙara, domin zafi na kashe ƙwayar kafin a gan ta, sannan a tura ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri. Da yake mutane da yawa na ɗaukar ciwon aikin iska ne, ba asibiti ake fara kai yaro ba. Shi ya sa aka jawo masu maganin gargajiya, da masu ɗori, da wanzamai, da ungozomomi, da masu kemis cikin masu kai labari. Wannan shi ne mafi hikimar abin da shirin ya yi, domin ya je inda iyaye ke zuwa ne, bai zauna jiran su zo ba. A 2011 aka ƙara da ɗibar ruwan magudanai a birnin Kano ana gwadawa, dabarar da ba ta aiki sosai a ƙauyen da ba shi da babbar kwata.

Daga wajen tsakiyar 2003 zuwa Yulin 2004 gwamnatin Kano, ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau, ta dakatar da riga-kafin, bayan wasu shugabannin addini sun yi zargin an gauraya maganin da sinadarin hana haihuwa. Hukumomin lafiya sun musanta. An dawo da aikin da maganin da aka sayo daga Indunusiya. A tsakanin haka ƙwayar ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin, har Sudan da Yaman da ita kanta Indunusiya. Zargin bai tsiro a banza ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200, kusan rabinsu aka ba maganin, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Akwai kuma tambayar da magidanta suka daɗe suna yi, wadda take da nauyi: me ya sa ake biyo su har gida da ɗigon shan-inna kyauta, alhali maganin zazzaɓin cizon sauro da ke kashe 'ya'yansu sai sun saya?

Bayan haka salon ya sauya. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, da jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka ɗora wa hakimai da dagatai alhakin gidajen da suka ƙi. An ɗauki matan unguwa suna shiga gida-gida, inda namiji baƙo ba zai wuce zaure ba. Ayarin riga-kafi kan rubuta alama da alli a jikin ƙofa ko katanga, mai nuna ranar zuwa da ko an samu duka yaran gidan, a kuma shafa tawada a farcen ƙaramin yatsan hagu na yaron da aka ɗiga wa. Daga wajen 2012 aka fara zana taswirar mazaɓu da hoton tauraron ɗan Adam, sai ga ƙauyuka da rugage da ba su cikin taswirar hannu da ake aiki da ita, galibi a kan iyakar mazaɓu biyu, kowane ɓangare na zaton na ɗayan ne. Aikin ya ci rayuka: a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan riga-kafi tara, galibinsu mata, a birnin Kano.

Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan-inna ta shanye a Jihar Kano an same shi ne a ƙaramar hukumar Sumaila a Yulin 2014. Ta sake ɓulla a Borno a 2016, sannan a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Nau'in da ke rikiɗa daga maganin ɗigo a wuraren da riga-kafi ya yi ƙaranci bai ƙare ba. An gano wani a Jigawa a 2018, ya kuma tsallaka Nijar.

Korona

An tabbatar da mai korona na farko a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas, a Kano kuma ranar 11 ga Afrilu, sai Jigawa a cikin watan. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sa dokar kulle daga 16 ga Afrilu, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara mako biyu ranar 27. Azumi ya kama ana cikin kulle. Jigawa, ƙarƙashin Muhammad Badaru Abubakar, ta riƙa rufe garuruwan da aka samu mai cutar, Kazaure na cikin na farko.

Ma'aikatan shan-inna da baburansu da masu kai musu labari aka juya wa aikin: a rubuta duk wanda ya yi cuɗanya da mai cutar, a bibiye shi kwana 14. Sai dai korona ba ta da ƙurji, ba ta shanye ƙafa. Zazzaɓi da tari da kasala ne, abin da kowa zai kira maleriya ko mura ya sayi magani a kemis, wasu ma ba sa jin komai. Ba a tabbatar da ita sai an ɗebi majina daga hanci da maƙogwaro an kai ɗakin gwaji, ɗakin gwajin kuwa yana birni. Na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma ya tsaya na wasu kwanaki a ƙarshen Afrilu, aka koma aikawa Abuja. Saboda haka alƙaluman da hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke fitarwa kullum sun fi nuna inda gwaji ya kai fiye da inda cutar ta kai.

A watan Afrilun ne masu haƙar kabari a birnin Kano suka fara cewa gawarwaki sun yi yawa, galibi na dattawa. Gwamnatin jihar ta danganta abin da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da maleriya. Da yake ana yin jana'iza cikin sa'o'i kaɗan kuma ba a cika rajistar mutuwa ba, ayarin gwamnatin tarayya ya bi gidajen mamatan yana tambayar iyalai yadda ciwon ya kasance. A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an lissafa mutuwa 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Lissafin ya tsaya a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni. An samu rahoton yawan mace-mace a Haɗeja a watan Mayu, kuma an yi saɓani kan dalilinsa.

A karkara, matakan sun fi cutar fitowa fili. Rufe kasuwannin mako irin na Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi da Maigatari ranar Alhamis ya zo daidai lokacin da manomi ke sayar da akuya ko ɗan hatsi ya sayi taki kafin damina. 'Yan ci-rani kuma sun ci gaba da komawa gida ta ɓarauniyar hanya duk da hana zirga-zirga tsakanin jihohi, wanda aka ɗage a farkon Yuli. Gwamnonin Arewa sun yi ta mayar da almajirai jihohinsu a manyan motoci. Jigawa ta killace waɗanda aka kawo mata a sansanin masu yi wa ƙasa hidima, an kuma samu masu cutar a cikinsu. Masu suka sun ce kwashe yara a cunkushe ana tsakiyar annoba ya taimaka mata ne. Da yawa a ƙauye sun ɗauki korona ciwon masu kuɗi da masu hawa jirgi.

Kashin farko na riga-kafi, kusan miliyan huɗu na AstraZeneca, ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021. Yana zama a firjin riga-kafin yara mai aiki da hasken rana, don haka ya iya kaiwa ƙananan asibitocin mazaɓu. A 2022 Jigawa na cikin jihohin da ke kan gaba wajen yawan waɗanda aka yi wa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci kan cutar ranar 5 ga Mayu 2023.

Tsarin yanzu

Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido da ke karɓar rahoto daga asibitoci, ya tura jiha, jiha ta tura NCDC, wadda dokar kafa ta ta samu sa hannu a 2018. Yawancin rahoton yanzu ta waya yake tafiya, a manhajar SORMAS. Ƙyanda da zazzaɓin Lassa na cikin cututtukan bairos da ake kai rahotonsu nan take. Kaso mai yawa na kuɗin mai da alawus na wannan aiki daga shirin shan-inna yake fitowa, shirin da masu ba da tallafi suka fara rage wa kuɗi tun bayan 2020.