Mene ne jijjigar masu ciki?

Jijjiga, wasu su ce taune-taune, ita ce abin da ke kama mai ciki ko mai naƙuda ko mai jego kamar farfaɗiya. Jiki ya sandare, ya hau karkarwa, haƙora su datse har ta ciji harshe, idanu su kakkafe. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Hawan jini ne da cikin ya kawo, yawanci bayan mako 20, aka bar shi har ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Sau da yawa sai ta aiko da alamu kafin ta faɗo: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ganin dishi-dishi, ciwo a saman ciki, kumburin fuska da hannu har zobe ya ƙi fita. A wajen awo, in jini ya kai 140/90 kuma aka ga alama a fitsari, an kama ta tun tana hanya. Shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ta fi kama mai cikin fari, kuma mai cikin fari ce ta fi kowa kunya. A rugage irin na Ladduga da ke Kachia, da ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari, yarinya kan ɓoye ciki, ta daure ciwon kai don kada a ce ba ta da kara. In ta je goyon ciki gidan iyaye, uwa ta ga fuska ta cika ta ce ƙibar ciki ce. Ga nisa, ga hanyar damina, ga maigida ya tafi da shanu kuma ba mai ba da izinin fita. In ta faɗi, sai a kawo hayaƙi a tattaru a kanta.

Kada a tura mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, za ta iya shaƙewa. A kwantar da ita a gefen hagu, a nemi mota nan take. Akwai allurar magnesiyam da ke tsayar da jijjigar, mai araha ce, sannan a sauko da jinin a raba ta da cikin, ko da aiki ne. A ci gaba da sa ido bayan haihuwa, domin takan taso har cikin kwanakin wankan jego.