Masu zuwa Istanbul cikin sanyi: ku karanta kafin ku sake kirana

Shekarata ta biyar ke nan ina karatu a Istanbul, kuma da zarar Disamba ta kama wayata ba ta sake hutawa. Ƙannenmu da ke Ankara, Konya da Sakarya kowa yana son ya leƙo ƙarshen mako ya ga abokai, tambayoyin kuma ba sa canzawa. Bakina ya gaji. Duk wanda ya ƙara tambayata abin da ke nan, wannan rubutun zan tura masa.

Da gaske akwai sanyi?

Akwai. Kai da ke Ankara ka fi mu ganin ƙanƙara, amma namu na ruwa ne da iskar teku. A Janairu da rana kusan digiri 8 ne, da dare ya sauka 3 ko 4. Za ka raina lambar har sai ka tsaya bakin ruwa a Eminönü. Ka zo da lema, da takalmin da ruwa ba ya shiga, da safa ta canji. Rigar da ka taho da ita daga Kano don hunturu, bar ta a akwati.

Jirgin ƙasa ko bas?

Jirgin ƙasa mai sauri, YHT. Daga Ankara kusan awa 4 da rabi ne, ka sauka a tashar Söğütlüçeşme ka hau Marmaray, jirgin ƙasa na cikin gari, ya tsallaka da kai ta ƙarƙashin teku. Kujerun Juma'a da Lahadi ba sa jiran kowa, don haka ka sayi na zuwa da na komawa rana ɗaya. Bas ba laifi, sai dai idan dusar ƙanƙara ta sauka a tsaunin Bolu, ba mai cewa ga lokacin da za ka iso. A Janairun 2022 har filin jirgin saman Istanbul sai da aka rufe.

A ina zan kwana?

Ni kake tambaya? Wanda ka ce za ka ziyarta shi za ka tambaya, kuma tun mako guda kafin ka taso, ba sai kana cikin jirgi ba. Idan abokinka a ɗakin kwanan ɗalibai na gwamnati yake, wanda suke kira yurt, to ba a kwana da baƙo a can. Kada ka sa shi roƙon mai gadi har ya jawo wa kansa matsala. Idan gidan haya yake da wasu, su ma suna da haƙƙi, kuɗin gas ɗin ɗumama gida tare suke biya, kuma wannan watan ne ya fi cin su. An ce baƙo raɓa ne, amma na ga raɓar da ta zo da mutum uku ba sanarwa ta kwana huɗu. Ka ɗauki cefanen dare ɗaya a kanka. Ba sai an faɗa maka ba.

Ikamet ɗina, wato katin izinin zama, ya ƙare, na nemi sabuntawa amma kati bai iso ba. In taho?

To, wannan ce kaɗai tambayar da ta cancanci a zauna. Amsar ita ce ya danganta, kuma kada ka yi aiki da labarin wani da ya ce shi ya je ya dawo ba wanda ya tare shi.

Na farko, ɗalibin da ke da izinin zama yana da damar zuwa kowane gari a Turkiyya. Takardar izinin tafiya da kake jin ana magana a kai ta masu neman mafaka ce, ba taka ba. Na biyu, doka ta ba ka damar neman sabuntawa tun saura kwana 60 katin ya ƙare, kuma dole ka nema kafin ya ƙare ɗin. Idan ka yi haka aka ba ka takardar shaidar cewa ka nema, zamanka halal ne har a yanke hukunci. A takarda ke nan.

A titi kuwa abin ya ɗan bambanta. Istanbul ta fi garinku binciken baƙi nesa ba kusa ba. Tun 2023 ana ajiye motocin hukumar shige da fice a wuraren cunkoso, suna duba kati da zanen yatsa, kuma a unguwanni irin su Aksaray da Esenyurt baƙar fata ba ya wuce su ba a kalle shi ba. Ba don in tsorata ka nake faɗa ba. Yawanci minti biyar ne, su duba su ga sunanka su ce ka tafi. Amma na taɓa kwana rabin dare ina kiran waya saboda wani ƙaninmu da ya fito da hoton takarda kawai a wayarsa, wayar kuma ta mutu don sanyi ya cinye batirin. An sake shi, amma Asabar ɗinsa ta tafi.

Don haka ga yadda nake gani. Idan kana da takardar shaidar a hannu, bugaggiya, da fasfonka na ainihi, da takardar ɗalibta da ka ciro daga e-Devlet, shafin gwamnati na intanet, cikin makon, ina ganin za ka iya zuwa, ko da yake ni da kaina zan so ka fara leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arka su duba maka ko fayil ɗinka ya cika. Idan ka cike fom a intanet kawai ba ka miƙa takardu ba tukuna, ni ban ba ka shawara ba. Idan kuwa katin ya ƙare ba ka nemi komai ba, zauna inda kake ka gyara wannan, Istanbul ba gudu za ta yi ba. Ko otel ka je sai sun shigar da shaidarka kafin su ba ka ɗaki. Waɗannan dokoki kuma suna yawan sauyawa, abin da ya yi wa na bara aiki ba lallai ya yi maka ba.

Aya Sofya ana biyan kuɗi?

Mai zuwa salla ba ya biya. Mai yawon kallo yana biya, tun Janairun 2024 aka sa wa baƙi yuro 25, kuma bene ake kai su. Ginin tun 537 yake, coci ne kafin ya zama masallaci a 1453, ya koma gidan tarihi a zamanin Atatürk, aka mayar da shi masallaci a 2020. Yi alwalarka a gida. Famfunan waje a Janairu ba na wasa ba ne.

Wurare nawa zan iya gani a kwana biyu?

Ba goma sha biyun da ka rubuto min ba. Turkiyya ta daina sauya agogo tun 2016, shi ya sa a tsakiyar sanyi rana ba ta fitowa a nan sai kusan 8:25 na safe, ta faɗi kafin 6. Abokanka kuma ba za su tashi kafin 10 ba, na san su. Asabar ka ba unguwar Sultanahmet: Aya Sofya, masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya 6 da ke fuskantarta, sai fadar Topkapı, inda aka ajiye kayan tarihin Musulunci da aka kawo bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517. Wannan ya ishe ka yini. Lahadi ka je Eyüp, inda kabarin Abu Ayyubal Ansari yake, sahabin da ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina. Idan ƙafarka da saura, ka hau tudun Süleymaniye, masallacin da babban magini Sinan ya gama a 1557. A wurina ya fi na Sultan Ahmed daɗin zama, ba hayaniya, ga teku a ƙasa.

Kuma ka tuna wurin mutane ka ce za ka zo. Bara wani ya kwana biyu a ɗakinmu, ban ga fuskarsa ba sai a hotunan da yake ɗorawa.

Abincin halal ne?

Haba malam. Ci abinka. Ka sha miyar mercimek, wani ɗan ƙaramin wake, da zafinta, ka sayi simit, burodin nan mai zobe da riɗi, ka nemi salep, wanda ya yi kama da kunun madara mai kauri da kirfa a kai. Idan kewar gida ce ta dame ka, akwai gidajen abincin 'yan Afirka a Aksaray.

Sai na sayi Istanbulkart?

Eh, shi ne katin sufuri na cikin gari. Bas, jirgin ƙasa na gari, jirgin ruwa, duk da shi ake shiga.

Jirgin ruwa fa, ba haɗari?

Kwantar da hankalinka. Daga Eminönü zuwa Kadıköy kusan minti 20 ne, akwai ɗumi a ciki, akwai shayi, kuma babu kallon garin da ya kai wannan araha. Idan iskar kudu da suke kira lodos ta taso ko hazo ya rufe, su da kansu suke soke tafiya, sai ka koma Marmaray.

Wani ya tare ni a titin Istiklal yana fara'a, ya ce mu je mu sha wani abu.

Ba abokinka ba ne. Lissafin da za a kawo maka zai cinye kuɗin watanka. Haka idan mai goge takalmi ya yar da buroshi a gabanka, wuce abinka.

Zan yi tsaraba ranar Lahadi kafin in tafi.

Babbar kasuwa, Kapalıçarşı, ba ta buɗewa Lahadi. Na faɗa a bara, na faɗa a bariya.

Ina da jarrabawa Litinin da ƙarfe 10, zan iya bin motar dare?

A'a. Ka bi jirgin Lahadi da la'asar, ka kwana a gadonka. Idan ka ƙi ji ka maƙale a hanya, kada ka kira ni in rubuta wa malaminka saƙo da Turkanci.