Desilu: Kamfanin Mata da Miji da Ya Gano Kuɗin da Ke Cikin Maimaita Shiri

A kasuwar talabijin, mai shirya shiri daban, mai tashar da ke nunawa daban, mai dillancin tsofaffin shirye-shirye ga wasu tashoshi shi ma daban. Kamfani guda yakan haɗa biyu ko ukun. Tarihin Desilu na ƙasar Amurka, wanda ya rayu daga 1950 zuwa 1967, yana nuna inda kuɗin ke taruwa a tsakanin waɗannan ukun.

Su wa suka kafa Desilu?

Lucille Ball, 'yar wasan barkwanci, da mijinta Desi Arnaz, makaɗi ɗan asalin Kyuba wanda iyalinsa suka yi gudun hijira zuwa Amurka bayan juyin juya halin 1933. Farkon sunayensu aka haɗa aka samu sunan kamfanin.

Lucille tana da shirin rediyo mai farin jini a CBS. Da tashar ta so mayar da shi talabijin, sai ta ce ita fa mijinta na gaskiya ne zai fito a matsayin mijinta. Manyan CBS suka yi ta jan ƙafa, suna ganin 'yan kallo ba za su yarda Ba'amurkiya na auren baƙo mai Turancin da ba ya fita sosai ba. Sai ma'auratan suka kafa kamfaninsu a 1950, suka zaga gidajen wasa suna barkwanci tare a gaban jama'a. Mutane suka yi ta dariya, CBS ta sauko. Shirin I Love Lucy ya fara fita ranar 15 ga Oktoba, 1951.

An ce rigima a kan wurin ɗaukar shiri ce ta azurta su. Ta yaya?

Nan ne zuciyar labarin. A wancan zamani, yawancin shirye-shirye kai tsaye ake watsa su daga New York, domin a gabashin ƙasar masu akwatin talabijin suka fi yawa. Mutanen yamma kuwa sai a ajiye kyamara a gaban allon talabijin a ɗauki abin da ke fita, a aika musu daga baya. Hoton dishi-dishi yake zuwa, ba wanda zai so ya kalla sau biyu.

Lucille da Desi a Kalifoniya suke, a yammacin ƙasar, ga ta da juna biyu, ba su da niyyar tashi. In kuwa daga can aka watsa shirin, gabas ce za ta samu hoton dishi-dishin. Kamfanin taba sigari na Philip Morris, wanda ke ɗaukar nauyin shirin, ya ce ba zai biya kuɗi a ba mutanen gabas hoto mara kyau ba. Sai Desi ya kawo mafita: a ɗauki shirin a kan zaren fim irin na sinima, kowace tasha ta samu hoto tangaram. Matsalar ita ce tsada. Aka ce wa zai biya ƙarin?

Ma'auratan suka yarda a rage dala 1,000 daga albashinsu na kowane mako, da sharaɗin cewa faya-fayan za su zama na kamfaninsu bayan an nuna. CBS ta amince ba tare da wani dogon ciniki ba. Kada a yi saurin cewa manyanta wawaye ne. A lissafin lokacin, shirin da aka riga aka nuna ya gama amfani, kamar jaridar jiya. Abin da suka gani shi ne ragin albashi a hannu, abin da suka bayar kuwa gwangwanayen fim da za su cika ɗakin ajiya.

To yaushe aka gane tsohon shiri na da daraja?

Ba a daɗe ba. A zango na biyu Lucille ta sake samun juna biyu, dole ta huta. Maimakon a bar gurbin ba komai, sai aka dawo da wasu kashi-kashi na zangon farko, kuma mutane suka zauna suka kalla kamar sababbi. Kashin da aka nuna haihuwa a cikinsa, ranar 19 ga Janairu, 1953, mutum wajen miliyan 44 ne suka kalla, fiye da waɗanda suka kalli rantsar da Shugaba Eisenhower washegari.

Daga nan lissafi ya canza. Shirin barkwancin da aka ɗauka da kyau ana iya sayar wa tashar wannan gari ta nuna da rana, a sayar wa ta wancan gari ta nuna da yamma, a fassara shi a kai ƙasashen waje, ba tare da an sake biyan kafinta ko mai fitila ba. Da shirin ya kammala a 1957 da kashi wajen 180, CBS ta sayi faya-fayan da ta taɓa bayarwa a arha a kan sama da dala miliyan 4.

Su ne suka ƙirƙiro ɗauka da kyamara uku?

A'a, wasu sun riga su gwadawa. Abin da Desilu ya yi shi ne daidaita tsarin har ya zama sana'a: kyamara uku na ɗauka lokaci guda a kan fim, 'yan kallo kusan 300 na zaune suna dariyar gaske, 'yan wasa na tafiya da labari a jere kamar a dandamali. Sun ɗauko Karl Freund, mai ɗaukar hoto da ya yi suna a sinimar Jamus, ya tsara fitilu daga sama yadda haske zai wadaci kowace kusurwa, ba sai an tsaya an gyara ba duk lokacin da aka canza kyamara. Har yau da yawa daga shirye-shiryen barkwancin Amurka a haka ake ɗaukar su.

Me suka yi da kuɗin da CBS ta biya?

Sun sayi ƙasa da gine-gine. A ƙarshen 1957 suka sayi sutudiyoyin kamfanin fim na RKO a kan kusan dala miliyan 6. A RKO ɗin nan Lucille ta yi shekaru tana ƙaramar 'yar wasa mai karɓar albashi, a nan kuma ta haɗu da Desi a 1940. Desilu ya wayi gari da zaurukan ɗaukar shiri 33, fiye da na babban kamfanin fim na MGM. A 1958 aka fara sayar da hannun jarinsa ga jama'a.

Hanyoyin samun kuɗinsa suka zama uku. Akwai shirye-shiryen da ya mallaka, irin su The Untouchables na 1959. Akwai hayar zauruka da kayan aiki ga wasu masu shiryawa, wanda shi ne kuɗin da ke shigowa ko da nasu shirin bai karɓu ba. Daga baya aka ƙara sashen dillanci mai suna Desilu Sales. Masu ba da labarin Desilu sukan tsallake batun hayar nan don ba ta da armashi, alhali ita ta riƙe kamfanin a shekarun da sababbin shirye-shiryensa suka yi ƙaranci.

Yaya aka yi Lucille ta zama shugaba?

Auren ya mutu a 1960. Aiki ya yi wa Desi yawa, shaye-shaye kuma ya ci ƙarfinsa. A 1962 Lucille ta sayi kasonsa, ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban sutudiyo a Hollywood. Ba kujerar ofis take so ba, wasa take so, kuma ta ci gaba da fitowa a sabon shirinta a daidai lokacin da take sa hannu a takardun kamfani. Amma manyan shawarwari biyu da aka fi tuna Desilu da su a yau a zamaninta aka yanke su: Star Trek da Mission: Impossible, dukkansu a 1966.

In shirye-shiryen sun karɓu, me ya sa ta sayar da kamfanin?

Saboda yadda ake biyan masu shiryawa. Tasha ba ta sayen shiri ɗungurungum, izinin nunawa take biya, kuma sau da yawa kuɗin ba ya kai abin da aka kashe. Kowane kashi na Star Trek yana cin kusan dala 190,000, abin da tashar NBC mai nuna shi ke bayarwa bai kai haka ba, giɓin kuma daga aljihun Desilu yake fita. Fatan mai shiryawa shi ne shirin ya daɗe har a tara kashi masu yawa, sannan a fanshe a kasuwar maimaici. Kafin ranar ta zo, kowane mako asara ce, kuma shiri biyu masu tsada a lokaci guda sun fi ƙarfin kamfani mai girman Desilu. Tun a matakin gwaji ma Star Trek ya ci kuɗi: NBC ta ƙi gwajin farko, ta nemi na biyu, abin da ba a cika yi ba. Wasu manyan kamfanin sun ba da shawarar a haƙura, Lucille ta ce a ci gaba.

A 1967 ta sayar wa kamfanin Gulf+Western da Desilu a kan dala miliyan 17. A ganina cinikin bai yi muni ba in aka duba halin da ake ciki, sai dai ya maimaita abin da ya faru a 1957: wanda ya yi wahalar shiryawa ya karɓi kuɗi a dunƙule, wanda ya saya ya ci ribar shekaru. An dakatar da Star Trek a 1969 bayan kashi 79, sannan a shekarun 1970 maimaicinsa a ƙananan tashoshi ya tara masa masoyan da suka sa aka dawo da shi a sinima da sababbin shirye-shiryen talabijin.

Ina dukiyar Desilu take yanzu?

Gulf+Western ya riga ya sayi kamfanin fim na Paramount a 1966, kuma filin Paramount na maƙwabtaka da ɗaya daga filayen Desilu. Aka rushe katangar da ke tsakani, aka mayar da Desilu sashen talabijin na Paramount. Su kuwa faya-fayan I Love Lucy, sashen dillancin CBS ne ya riƙa sayar da su. A 1971 dokar gwamnati ta tilasta aka ware sashen ya zama kamfani mai zaman kansa da sunan Viacom, wanda ya yi ƙarfi har ya sayi Paramount ɗin kansa a 1994. Bayan haɗewa da rabuwa, CBS da Viacom suka sake haɗewa a 2019, kuma a 2022 kamfanin ya ɗauki sunan Paramount.