Ruwa ya kwanta maka a gona? Kar ka yi saurin watsa taki

'Yan uwa manoma, dan Allah duk wanda ruwa ya kwanta masa a gona ya tsaya ya karanta wannan kafin ya kai hannu buhun taki. Da yawanmu in muka ga ganyen masara ya yi rawaya ya yi yaushi, ga ruwa har idon sawu, sai mu ce yunwa ce a watsa yuriya. Wallahi numfashi ne ya gagari shukar, kuma abin yana damuna don asara biyu ake yi, ta shuka da ta kuɗi.

Saiwa tana shaƙar iskar oksijin ne daga 'yan ramukan cikin ƙasa. In ruwa ya cike su shikenan, don tafiyar iskar nan a ruwa ta fi ta sarari jinkiri kusan sau 10,000, ɗan abin da ya rage kuma ƙananan halittun ƙasa su shanye da wuri musamman in ana zafi.

To a cikin ƙwayoyin saiwar akwai wasu furotin da masana ke kira ERF-VII, kullum shuka na ƙera su tana kuma rushe su nan take muddin akwai oksijin, da iskar ta yanke sai rushewar ta tsaya su taru su kunna ƙwayoyin gado na gaggawa. A 2011 aka gano wannan. Daga nan saiwa ta koma sarrafa sukari ba tare da iska ba tana fitar da barasa, wasu sinadarai biyu ADH da PDC ke wannan aikin. Sai dai ribar ba yawa, sukarin da zai ba da ATP (makamashin da ƙwayoyin shuka ke aiki da shi) kusan 30 in da iska, yanzu 2 kacal yake bayarwa. Kaga saiwa na cinye ajiyarta amma ba ta da ƙarfin jan ruwa da abinci, ganye ya rufe ƙofofinsa ya yi yaushi alhali yana tsakiyar ruwa.

Shukar ba ta zauna haka nan ba fa. Iskar etilin da shukar ke samarwa da kanta, wadda ruwa ya hana fita, tana taruwa, ita ke sa wasu ƙwayoyin cikin saiwa su mutu da gangan su bar hanya kamar bututu, iska ta bi daga sama ta sauka ƙasa, sannan sabbin saiwoyi su fito a gindi kusa da saman ruwa. Masara na yin haka amma sai ta ɗau lokaci, in ƙarama ce ko wake ne sau da yawa ba sa kaiwa. Shinkafa kuwa da hanyoyinta take tashi.

Ita ma shinkafar in ta nutse gaba ɗaya mutuwa take yi, sai mai ƙwayar gadon SUB1A da aka samo daga wata tsohuwar shinkafar Indiya, FR13A, aka bayyana ta a 2006. Ita tana dakatar da girma ne ta adana ƙarfinta, ta jure nutsewa har kusan sati biyu. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta saka ta cikin irin da manoma suka saba da shi, Swarna-Sub1 ya fito a Indiya a 2009. Wanda gonarsa ke cin ambaliya ya tambayi malamin gona irin mai Sub1.

Yanzu abin yi, a yanka hanya ruwan ya fita yau yau, kar a ce sai gobe. Yuriyar da aka zuba cikin ruwa saiwa ba za ta iya ɗauka ba, wani ya bi ruwa wani ya tashi a iska. Bayan ruwa ya janye ka tumɓuke shuka ɗaya ka duba, in saiwar fara ce da ƙwari kuma sabon ganye na leƙowa daga tsakiya to akwai rai, ka bari ƙasa ta sha iska sannan ka sa takinka kaɗan kaɗan. In ta yi baƙi ta yi laushi tana wari ta ruɓe, kar ka ƙara kashe kuɗi a kanta. Baɗi in Allah ya kai mu a ɗaga kunya sosai, a haƙa magudana tun kafin shuka.